Mesarka ta ƙi cin ɓera? Kafin ka tada hankalinka ɗauko sikeli

Daren shekaranjiya wajen ƙarfe sha ɗaya ƙanin wani abokina da ke Barnawa a nan Kaduna ya turo min bidiyo a WhatsApp, ga mesarsa ta naɗe a lungun akwati kamar gammo, ga ɓera mai rai yana ta zagaye ta har yana hawa bayanta yana shinshine-shinshine, shi kuma yaron ya dalle su da tocilar waya yana cewa Yaya dan Allah duba min, yau sati bakwai kenan ko kallon abinci bata yi, ko dai mutuwa zata yi ne? Nace masa maza cire ɓeran nan yanzun nan, ka kashe tocilar, ka rufe akwatin kaje ka kwanta, da safe ma yi magana. Yace toh Yaya amma yunwa fa? Nace ba yunwa ce zata kashe ta a daren nan ba, ɓeran da ka bar mata ne zai iya yi mata illa.

Wadda nake magana a kanta ita ce ƙaramar mesar nan mai zanen baƙi da ruwan ƙasa, wadda in ta tsorata take cusa kanta a tsakiya ta dunƙule ta zama ƙwallo, ba ƙatuwar da ke haɗiye akuya ba. Masana suna ce mata Python regius, a Amurka da sunan ƙwallon suke kiranta, a Ingila kuma mesar sarauta. Bata da dafi, da wuya tsawonta ya wuce mita ɗaya da rabi, kuma tana da tsawon rai sosai, shekara 20 zuwa 30 ba abun mamaki bane, a gidan zu na St. Louis a Amurka ma akwai wadda ta saka ƙwai a 2020 tana da shekara 62. Abun dariyar shi ne 'yar yankinmu ce, daga Senegal har zuwa Sudan ake samunta, Ghana da Togo da Benin sun fitar da miliyoyinta zuwa Turai da Amurka, a ƙasar Inyamurai akwai garuruwan da ko taɓa ta ba'a yi saboda girmamawa. Amma yau in tamu ta ƙi cin abinci sai mu hau YouTube mu saurari wani Bature da ke zaune a garin da ake dusar ƙanƙara yana koya mana yadda zamu yi da dabbar da kakanninta daga dajinmu aka kwashe su. Ba wai ƙarya suke faɗa ba, sun fi mu daɗewa a harkar kuma sun san abun da suke yi, sai dai matsalarsu daban tamu daban.

Ni a ganina rabin matsalar ma a kanmu take ba a jikin macijin ba. Mu mutane ne da in baƙo yazo gidanka ya ƙi cin abinci sai ranka ya ɓaci, kana ta bismillah mana, ko loma ɗaya ce. Akuya in ta ƙi cin dusa yini guda ka san ba lafiya, kaza in ta yi sukuku ta bar tsaba ka san sai dai wuƙa. Da wannan idon muke kallon mesa. Lokacin da tawa ta fara nata yajin, Hajiyarmu da dama can bata son zaman abun a gidan, kullum sai ta tsaya a bakin ƙofa tace kai dai ka ji tsoron Allah, ka tuna matar nan da ta ɗaure kyanwa bata bata abinci ba bata sake ta ba. Maganar ta shige ni wallahi, don haƙƙi ne babba. Shi yasa na dinga tura mata ɓera duk bayan kwana biyu, ina buɗe akwati safe da yamma ina ɗaga ta ina jujjuyawa, ashe duk ƙara rura wutar nake.

Jikin mesa ba irin namu bane, kuma in baka gane wannan ba sauran bayanin duk ba zai zauna maka ba. Mu jikinmu kullum injinsa a kunne yake, yana ƙona abinci don ya riƙe ɗumi, shi yasa azumin yini ɗaya ma zuwa la'asar kaga mutum ya yi laushi. Ita ɗumin jikinta daga waje take samu, saboda haka abun da take ƙonawa kaɗan ne ƙwarai, kuma an halicce ta ne ta kwanta a ramin ɓera ko cikin suri tana jiran rabo ya biyo ta gabanta. A 2007 wani mai bincike a Jami'ar Arkansas, Marshall McCue, ya ajiye macizai iri uku har da irin wannan mesar na tsawon kwana 168 ba ci sai ruwa, ya gano suna iya rage ƙona abincin jikinsu da kusan kashi 70 cikin ɗari, kuma duk da haka suna ƙara tsawo. Kusan wata shida fa kenan. Sannan shi kansa cin abincin aiki ne mai tsada a wurinta, hanjin mesa in ta daɗe bata ci ba motsewa yake, tana haɗiye ɓera sai ya kumbura ya dawo aiki, ruwan cikinta ya yi tsami sosai har ya narkar da ƙashi, duk wannan kuma sai da isasshen zafi. In zafin bai kai ba ɓeran ruɓewa zai fara a cikinta kafin ya narke. Toh ka gani, sau da yawa in ta juya kai ta ƙi abinci lissafi ta yi, ta ga yanayin bai dace ta ɗauki wannan kasadar ba.

Saboda haka tambayar sati nawa bata ci ba bata da amfani sosai ita kaɗai. Tambayar ita ce nawa ne nauyinta, kuma nawa yake watan jiya. Sikelin kicin ɗin nan na dijital da masu yin kek ke auna fulawa da shi ya isa, ka ɗora roba, ka mayar da shi sifili, ka sa ta a ciki, ka rubuta a littafi da kwanan wata, duk sati biyu ko wata-wata, ba kullum ba. Babbar mesa mai gram 1,500 da ta yi wata uku bata ci ba amma gram 40 ko 50 kawai ta rage, idonta garau, tana fito da harshe, in ka ɗauke ta tana riƙe hannunka da ƙarfi, wannan lafiyarta lau. In kuwa ta zubar da kashi 10 cikin ɗari na nauyinta ko fiye, ƙashin gadon bayanta ya fito ya yi tsini, fatar gefenta ta yi yaushi tana naɗewa, to magana ta canza, wannan ta likita ce. Ido yana yaudara, musamman idon mai abu da ya riga ya tsorata, ni na sha rantsewa tawa ta rame sai sikeli ya ƙaryata ni.

Babban dalilin da yafi kowanne yawa kuma ba ruwanka a ciki shi ne lokaci. A dajinmu barbararsu tana faɗowa ne a rani, daga wajen Nuwamba zuwa farkon shekara, macen ta saka ƙwai wajen Fabrairu zuwa Afrilu, ta naɗe a kansu kusan wata biyu ba ci, 'ya'yan su ƙyanƙyashe daidai shigowar damina lokacin da ɓeraye suka yawaita. Wannan agogon yana jikinsu ko a akwati suke. Namiji baligi yana jin iskar hunturu ta kaɗa sai ya rufe baki, da daddare kaga yana ta sintiri yana bin bango, mace yake nema ba ɓera ba, wani sai ya kai wata huɗu ko biyar a haka. Macen ma in ƙwai ya fara girma a cikinta babu wurin abinci, kuma tana iya yin haka ko bata haɗu da namiji ba. Masu kiwo a waje har suna da wani zance nasu, wai katangar gram dubu, don sun lura da yawa suna ci kamar gara har su kusa kilo ɗaya sai kawai su ja birki, lokacin balaga kenan.

Amma fa kar ka ɗora komai a kan lokaci ka naɗe hannu, nan ne Kaduna take shigowa. Abun da mesar ke so shi ne gefe ɗaya na akwatin ya kai digiri 31 zuwa 32, ɗayan gefen ya tsaya wajen 25 zuwa 27 don ta zaɓi inda ya yi mata, danshin iska kuma kashi 55 zuwa 65 cikin ɗari. Mutane suna cewa ai 'yar Afirka ce meye nata da na'urar ɗumi. Eh 'yar Afirka ce amma a rami take kwana, kuma cikin rami ko suri ba ruwansa da abun da ke faruwa a sama, da ɗuminsa da laimarsa dare da rana. Ɗakinka ba suri bane. A Disamba da Janairu da asuba garin nan yakan sauko digiri 15 ko ƙasa, wanda ke fita sallar asuba a Kawo ko Mando ba sai an faɗa masa ba, iska kuma ta bushe ƙayau har leɓe na tsagewa, danshin yana faɗowa ƙasa da kashi 20. Ka ajiye akwatin gilas mai murfin raga a kan tayil a irin wannan yanayin sannan kace wai ta ci? Ni abun da ya gyara min shi ne na ɗaga akwatin daga ƙasa na ɗora a kan katako, na rufe yawancin ragar saman, na sa babban kwanon ruwa, na shimfiɗa ɓawon kwakwa mai ɗan jiƙa maimakon jarida, na kuma sayi ma'aunin zafi da danshi na dijital na daina auna wa da tafin hannu. In zaka sa shimfiɗar ɗumi ta lantarki, lallai da na'urar da ke kashe ta in zafi ya kai, don wutar nan tamu in ta zo da ƙarfi sai ta gasa mata ciki, kuma mesa bata da wayon tashi da wuri daga abun da ke ƙona ta. Ranar da babu wuta, gorar ruwan ɗumi a naɗe da tawul a jingine ta jikin akwatin daga waje tana taimakawa.

Sai kuma juyin, Maris da Afrilu. Wannan babu Baturen da zai gaya maka don shi bai san ɗaki mai rufin kwano ba silin da ƙarfe biyun rana ba. Zafin da ya wuce digiri 35 kuma babu gefen sanyi da zata gudu yafi sanyi haɗari, sanyi a hankali yake cutarwa, zafi kuwa cikin awoyi yake kisa. In kaga ta shige kwanon ruwa ta ƙi fita ko tana ta dungurar murfi da hanci da rana tsaka, mayar da ita ɗakin da yafi sanyi a gidan, kar ka ma yi mata zancen abinci.

Bayan yanayi sai tsoro, kuma shi ne abun da ya kama mesar yaron nan na Barnawa. Da na ƙara kallon bidiyon naga akwatin fayau yake, gilas ta ko'ina, a falo kusa da talabijin, babu inda zata ɓuya sai wani kwalin takalmi ƙato da ta shiga ciki ma kamar mutum ɗaya a filin Murtala. Dabbar da ake farauta ce ita ma, shaho da sauran manyan tsuntsaye suna ɗaukar ƙananansu, kuma lokacin da take haɗiyar abinci bakinta a cike yake bata da abun kare kai, in hankalinta bai kwanta ba ba zata fara ba. Maɓoyar da take so ita ce matsattsiya mai duhu wadda bayanta da gefenta ke taɓa bango, ƙofa ɗaya ƙarama. Ƙaramar tukunyar ƙasa ko kasko ka kife ka fasa gefe ka goge kaifin, shikenan, guda biyu, ɗaya a gefen ɗumi ɗaya a gefen sanyi don kar ta zaɓi tsakanin ɓuya da jin ɗumi. Sannan maciji bashi da kunne a waje amma yana jin girgizar ƙasa fiye da yadda kake zato, ni sai da na raba akwatin da bangon da janareton maƙwabcinmu ke jingine sannan na ga bambanci. Ga kuma ɗauka. Abokai sun zo a fito da ita a rataya a wuya a yi hoto a sa a status, yara su taru suna ihu, a mayar da ita, da daddare kuma a miƙa mata ɓera. Sabuwar mesa a bar ta sati ɗaya zuwa biyu ba taɓawa ba tayin abinci, wadda ke yaji kuma a daina ɗaukarta gaba ɗaya sai don awo da shara har ta ci sau biyu ko uku a jere.

Saɓa kam mai sauƙi ce. Launinta ya dushe, cikinta ya yi ɗan ja-ja, idon ya yi hazo kamar mai yanar ido, bata gani sosai, yawancinsu basa ci. Sati ɗaya zuwa biyu ta tuɓe ta wuce wurin. Ka ƙara danshi kawai, in saɓar ta fita gutsi-gutsi maimakon riga guda, hunturu ne ya nuna maka akwatinka ya bushe.

Yanzu abincin kansa, kuma nan ne nake so a saurare ni da kyau don har da lafiyar mutanen gida a ciki. In ka bi shawarar masu kiwo na waje za su ce maka mesar da ta ƙi komai a gwada mata ɓeran Afirka mai laushin gashi, wanda macensa ke da nonuwa da yawa, wai shi ne abincinta na gado kuma da wuya ta ƙi shi. Gaskiya ne. Amma su nasu a keji aka haife shi tun kaka da kakanni. Wannan ɓeran, Mastomys natalensis, a nan shi ne mai ɗauke da ƙwayar cutar zazzaɓin Lassa, wadda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ta fitsarinsa da kashinsa da jininsa ake kamuwa, kuma a rani cutar tafi tashi, wato daidai lokacin da mesarka ke yajin da zai sa ka fara ɗana tarko a sito. Kai da ido ba zaka bambance shi da sauran ɓerayen gida ba. Kar ka kama ɓeran gida ko na gona ka ba ta, kar ka sa almajiri ko yaran unguwa su kamo maka. Ko an cire Lassa ma akwai maganin ɓera, wanda masu turo baro ke tallarsa a kowace kasuwa, wani irinsa baya kisa nan take, ɓeran zai yi kwanaki yana yawo a galabaice, kuma irin wannan galabaitaccen shi ne mai saurin kamuwa, ka ɗauka ka yi sa'a ashe guba ka kai mata da hannunka. Abun da ya dace shi ne fararen ɓeraye na kiwo irin waɗanda ɗalibai ke gwaji da su, ko ka samu mai kiwonsu ko ka ajiye naka mace biyu namiji ɗaya, in gidan za su yarda, wanda ni dai ba'a yarda min ba.

Girman ɓeran ya zama daidai kaurin tsakiyar jikinta, kar ya wuce. Ƙarama duk sati, babba duk sati biyu ko ma uku ya ishe ta, da yawan waɗanda ake cewa sun ƙi ci ƙoshi ne kawai ya yi musu yawa, an ɗura musu har sun yi taiɓa. Matacce yafi mai rai aminci nesa ba kusa ba, don ɓera in ya ga maciji bai kula shi ba kuma yunwa ta kama shi, zama yake ya gwagwiyi bayanta har ƙashi, ita kuma sai dai ta ƙara dunƙulewa, ba zata rama ba. In dole sai mai rai, kana tsaye a wurin, minti goma sha biyar bata kama ba ka cire. Shi kuma mataccen sai ya yi ɗumi, don a leɓenta na sama akwai wasu 'yan ramuka a jere da take jin zafin jikin dabba da su ko a cikin duhu, ɓera mai sanyi a wurinta kamar dutse ne. Ka sa shi a leda ya narke sosai har ciki, sannan ka tsoma ledar a ruwa mai zafi-zafi ba tafasasshe ba, kan ya fi ko'ina ɗumi, ka riƙe da dogon hantsaki ba da yatsa ba, bayan isha'i, fitila a kashe ko a rage, ka ɗan motsa shi a bakin maɓoyar kamar yana wucewa. Kar ka dinga dungura mata a fuska, korar ta kake. In bata kama ba ajiye shi a ƙofar ka tafi, wasu sai gida ya yi tsit suke ci, da safe in yana nan ka zubar, kuma kar ka sake tayi sai bayan kwana 10 zuwa 14. Batun firiza kuwa kowa ya san halin da muke ciki, in an ɗauke wuta kwana biyu kayan sun narke sun sake daskarewa, hancinka ba zai ji ba amma harshenta zai ji, ni na taɓa asarar ɓeraye goma sha biyu a haka kuma ban ga laifinta ba da ta ƙi su.

Akwai wata dabara da mu muka fi su samun sauƙinta, 'yan tsaki. Wasu masu bincike 'yan Italiya, Luiselli da Angelici, sun duba abun da wannan mesar ke ci a dajin kudu maso gabashin Najeriya suka wallafa a 1998, suka tarar mazan suna hawa bishiya sosai kuma tsuntsaye sun fi yawa a cikinsu, matan kuma sun fi cin ɓeraye. Toh namijin da ya ƙi ɓera wani lokacin ɗan tsako kwana ɗaya yana gani zai cafke, kuma 'yan tsaki ba wahalar samu suke a Kaduna ba. Ko ka goga ɓeran a jikin ɗan tsakon ya ɗauki warin. Sai dai wata in ta ɗanɗana sai tace ita fa sai shi, kuma kashin da zata yi bayan nan, hmm, ka buɗe taga kawai. Madara da ɗanyen ƙwai da tsokar nama da ake cewa a ba maciji, wannan zancen tatsuniya ne, bata sha, bata ci.

Sannan ka tambayi kanka daga ina ta fito. A waje yawancin na hannun mutane a keji aka ƙyanƙyashe su, basu san komai ba sai akwati da farin ɓera. Namu kuwa sau da yawa wani ne ya haƙo ta a rami a daji, ta yi kwanaki a buhu, ta bi mota daga kudu ko daga hannun gardi ta iso gare ka. Babbar mesar daji ita ce mafi taurin kai a duk harkar nan, ta saba da warin abincinta, farin ɓera baƙo ne a wurinta, ga ƙishirwa ga kaska a maƙale tsakanin ɓawon fatarta ga tsutsar ciki. Irin wannan ruwa da duhu da shiru take buƙata kafin komai, a cire kaskar, a kai kashinta a duba a asibitin dabbobi. In zaka saya, ka nemi ƙarama wadda mai ita zai nuna maka tana ci, in ya fara ai jiya-jiyan nan ta ci, kace toh zan dawo ranar da za'a sake bata in gani.

Inda ba'a jira kuwa a bayyane yake. Numfashi da ƙara kamar fito, kumfa ko yauƙi a baki, baki a buɗe, ta ɗaga kai sama ta daɗe a haka, wannan ciwon huhu ne kuma sanyin hunturu na jawo shi. Dasashi ya yi ja ko wani abu kamar cuku a cikin bakin, ruɓar baki ce. Ƙananan baƙaƙen ɗigo masu motsi a gefen ido da ƙarƙashin haɓa, ƙwari ne masu shan jini. Amai kuma daban yake da ƙin ci, in ta haɗiye ta dawo da shi bayan kwana ɗaya ko biyu, yawanci sanyi ne ko an ɗauke ta da wuri ko ɓeran ya yi girma, a bar cikinta ya huta sati biyu cur sannan a bata ƙarami, in ta maimaita sai likita. Jarirai ma lissafinsu daban, ɗan da bai wuce gram 60 ko 70 ba yana fara ci ne bayan saɓarsa ta farko, kuma bashi da kitsen da zai yi watanni da shi, in ya tsallake tayi uku ko huɗu yana raguwa nemi wanda ya sani. Likitocin dabbobinmu sun fi sabawa da shanu da kaji da karnuka, don haka ka tambaya tun a waya ko yana duba maciji, in abun ya gagara Zariya ba nisa, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a ABU.

Dan Allah kar ka yi mata irin namu na zuwa kemis. Farasitamol da muke sha kamar gyaɗa guba ne ga maciji, a tsibirin Guwam gwamnatin Amurka da shi take kashe macizan da suka addabe su, ana cusa miligram 80 a cikin mataccen ɓera a jefa a daji. Maganin tsutsar awaki da ake aunawa da ido shi ma haka. Ɗura kuma, wato a buɗe mata baki a tura ɓera da ƙarfi, naga bidiyoyinsa suna yawo kamar abun burgewa, wannan matakin ƙarshe ne ga wadda ta rame take hanyar mutuwa, kuma hannun da ya saba ne ke yi. Ka yi wa lafiyayyar mesa mai azumin rani ɗura, ka ji mata ciwo a maƙogwaro, ta amayar, sannan ta haɗa warin ɓera da azaba a kanta, yajin da zai yi wata biyu ya koma wata shida.

Tawa wata huɗu da 'yan kwanaki ta yi a wancan karon, daga ƙarshen Nuwamba. Ranar da aka yi ruwan farko, ƙamshin ƙasa ya cika gari, da daddare na leƙa naga ta fito da kai daga tukunyar ta lanƙwasa wuya tana kallon ƙofa, na ɗumama ɓera, ban ma gama sauke hantsakin ba ta fizge har sai da na zabura na buge kwanon ruwan.

Shi kuma mutumin Barnawa jiya da hantsi ya kira, ya mayar da akwatin ɗakinsa, ya liƙa kwali a gefe uku na gilas ɗin, ya kife mata kasko biyu, ya auna ta gram 1,140 ya rubuta a jikin kalanda. Mun yi da shi ba tayi ba ɗauka sai nan da sati biyu. Matsalar da ta rage masa yanzu sikelin na Mamansu ne na yin kek, kuma ƙanwarsa ta riga ta kai rahoto, yace tun safe yake wanke shi da Omo amma Mama tace ko da ruwan zamzam ya wanke ita ta bar masa, ya nemo kuɗin sabo kafin Juma'a don tana da odar biki.